Jirgin Toshpulat da Tsutsotsin Ergash

Ƙanin mijina Toshpulat bai samu jana'izar yayansa ba, yana can Rasha yana tuƙin tasi. Sai da sanyi ya wuce ya iso ƙauye, da wani akwati da maza huɗu suka sauke daga mota suna nishi. Na ɗauka firiji ne. Ya shigo ya yi mini ta'aziyya, ya yi kuka na gaskiya, don yana ƙaunar yayansa Ergash. Da ya share hawaye ya kurɓi shayi, sai ya gyara zama.

"Kennoyi," in ji shi, don haka yake kirana tun ranar da na zama matar yayansa, "daga yau kin huta. Gidan nan ya gama shan wahala."

"Me ke cikin akwatin?"

"Arzikin ƙauyen nan gaba ɗaya."

Ya buɗe. Wani abu ne mai hannuwa huɗu, kowane hannu da farfela, ga tanki a cikinsa, kamar gizo-gizon da ya haɗiyi jarka.

"Jirgin feshin gona ne, marar matuƙi. Aikin da maza goma ke wuni suna yi da jarka a baya, zai gama shi kafin shayinki ya huce."

"Ka iya tuƙa shi?"

"Ni da na tuƙa mota a Mosko cikin ƙanƙara? Kuma ai ba a tuƙa shi. Manhaja ke tuƙa shi."

Ashe jirgin ya zo da tasa manhajar, amma da wani yare da bai iya ba, kuma sai mutum ya je Tashkent an koya masa. Toshpulat ya ce shi ya wuce zama a aji kamar ɗan firamare. Ya tafi kasuwar wayoyi ta Margilan, wani mutum ya sa masa wata manhajar daban a waya, mai magana da yarenmu da muryar mace mai sanyi. Kana zana gona da yatsa a kan taswira, ita kuma ta tsara wa jirgin hanyar da zai bi.

"Su wa suka yi ta?" na tambaya.

"Masana."

"Masanan ina?"

"Kennoyi, in kin sayi gurasa, kina tambayar sunan wanda ya noma alkamar?"

Na ƙyale shi, don ni abin da ke gabana daban ne. Kafin Ergash ya kwanta ciwo, ya riga ya ba da sunansa a kawo masa tsutsar siliki, kamar kowace shekara. Da mutanen kamfanin siliki suka zo da bazara suna tambaya ko a soke, na ce a kawo. Maƙwabta suka ce mace ɗaya ba za ta iya ba. Na kwashe kayan ɗakuna biyu, na kafa kantocin katako, na koma kwana a kicin.

Wanda ya taɓa kiwonsu ya san halinsu. Ba sa cin komai sai ganyen wata bishiya da muke kira tut. Warin taba na kashe su, turare na kashe su, balle maganin ƙwari. Ergash, Allah ya ji ƙansa, ko tafarnuwa ba ya ci a lokacin kiwo. Mutum ne marar yawan magana, kullum da farar hularsa ko wurin sara za shi, hirar da yake yi da tsutsotsin ta fi wadda yake yi da mutane. Shi ya dasa layin itatuwan tut ɗinmu a bakin magudanar ruwa, jikin gonar audugar maƙwabcinmu Abdusattor. Na ce a raina, ko me za a yi, tsutsotsin da ya sa sunansa a kansu sai sun kai ga saƙa ƙwansonsu.

Gwajin farko a gidan shayi aka yi shi. Ina wucewa da damin ganye a baya na ga taro, na tsaya daga nesa. Toshpulat na zaune a tsakiyar gadon katakon da dattawa ke zama, ƙarƙashin rumfar inabi, yana latsa waya. Kusa da shi mai unguwarmu ne, Mirzakarim ota, wato baba Mirzakarim, mai farin gemun da yake tajewa kamar ɗan fari.

Muryar matar nan ta fito daga waya: "Nan ne gida?"

Toshpulat ya danna e, ko duba abin bai yi ba, yana ba wani labarin yadda ya taɓa ɗaukar janar a tasinsa.

"Ta gane ka," in ji Mirzakarim ota. "Tun da ka dawo, mai shayi ya fi matarka ganinka."

Aka yi dariya. Toshpulat ya miƙe ya ɗaga hannu. "Ku buɗe ido, dattawa. Yau zamani ya shigo ƙauyen nan."

Zamani ya shigo da iska. Farfeloli na fara juyawa hulunan dattawa suka tashi sama tare, kamar an kori tattabaru. Kofunan shayi suka kife. Wasan darar da tsofaffi biyu suka wuni suna yi ya watse, wanda ake ci ya ce alhamdu lillahi. Jirgin ya ɗaga, ya yi gefe, ya shige rumfar inabi da ka, ya rataye yana lilo.

Sai muryar ta ce, cikin natsuwa: "An kammala aiki lafiya."

"Kun ji ko?" in ji Toshpulat. "Lafiya ta ce. Wannan gwajin iska ne."

"Iskar ta ci jarrabawa," in ji Mirzakarim ota, yana tsamo hularsa daga magudana.

Wani zai ji kunya ya kwana biyu a gida. Toshpulat washegari ya buga takardun talla ya manna a bangon makaranta, da hotonsa sanye da baƙin tabarau. Da ba wanda ya zo, sai ya je wa maƙwabciyata Nigora opa, wato yaya Nigora, mai rinin zaren siliki, ya ce zai fesa mata alkamar bayan gidanta kyauta, don jama'a su gani.

"Kyauta?" in ji ta. "Daga bakinka? To Allah ya sa ba ni zan biya ba daga baya."

A ƙarshen alkamar Nigora opa akwai dogayen itatuwan terak, waɗanda mijinta ya dasa ranar da aka haifi ɗansu, don in ya tashi aure a sare a yi masa ginin gida. Yaron ya yi nisa a makaranta, itatuwan sun kusa kamo hasumiyar masallaci.

Jirgin ya tashi da kyau, gaskiya sai a faɗe ta. Ya bi layin farko, feshi na zuba kamar hazo, mata na ta salati. Toshpulat ya sa hannu ɗaya a aljihu ya juya wa jirgin baya, yana yi wa jama'a bayani.

"Ba ya buƙatar idona. Yana ganin komai ta tauraron ɗan'adam. Ko allura ce..."

Ƙarar da muka ji kamar an zuba cokula a injin niƙa. Ganye ya yi ta zubowa. Can ƙololuwar terak ɗin tsakiya, ga jirgi ya zauna kamar shamuwa a sheƙa.

"An kammala aiki lafiya," in ji waya.

Toshpulat ya daɗe yana kallon sama. "Opa, a kawo gatari. Ɗaya kawai za a sare."

"A sare me?" Nigora opa ta riƙe ƙugu da hannuwanta masu launin rini. "Wannan da kake gani shi ne azarar ɗakin amarya. Na kusa da shi ƙofar zaure. Ka taɓa gidan ɗana da gatari, in taɓa wuyanka da shi."

"Yaron da ko gashin baki bai yi ba?"

"Kai da ka yi gashin bakin me ka tsinana? Hau ka ɗauko kayanka."

Ya cire takalma ya hau, yana faɗa mana cewa a Rasha ya hau bene mai hawa ashirin ta waje. Ya kai, ya ɗaura wa jirgin igiya, aka sauko da shi. Sai ya duba ƙasa. Daga nan bai ƙara motsi ba, ya rungume itacen kamar ya ga uwarsa.

"Sauko mana, matuƙi!" in ji Nigora opa.

"Ina nazarin wurin ne!" ya yi ihu. "Kuma ki sani, ba laifina ba ne! Itatuwan nan ba sa cikin taswira!"

"To tunda babu su, taka ƙasa ka taho!"

Sai da aka haɗa tsani biyu da igiyar rijiya aka sauko da shi, wandonsa ya yage daga ƙugu har gwiwa.

Da yamma ya shigo wurina a ɗinke masa, don matarsa ta ce ba da allurarta ba. Ina ɗinki yana tura mini waya a fuska.

"Duba da idonki, Kennoyi. Ina terak a nan? Babu. Mutane na dasa itatuwa barkatai ba sa sanar da kowa."

Na karɓa na duba. Ƙauyenmu ne daga sama, amma na da. Terak ɗin Nigora opa 'yan tsinke ne. Makaranta ba ta da sabon rufinta. Na ja hoton da yatsa zuwa bakin magudana. Layin tut ɗinmu na nan, amma ba reshe ko ɗaya, sai kututture kamar dunƙulallun hannuwa, don an ɗauki hoton ne bayan an gama kiwo, lokacin da aka sare rassan duka aka ba tsutsa. Kusa da su ga amalanken jakinmu da ya daɗe da mutuwa. A gefen amalanken akwai wani ɗan ɗigo fari, da inuwarsa.

Na miƙa masa wayarsa. Allurar ta ƙi shiga, sai da na goge idona.

"Matar nan ta cikin waya," na ce, "ba ta san tut ɗinmu na da rassa ba."

"Za ta koya. Kullum ƙara ilimi take."

Tsutsotsi suka yi barcinsu na ƙarshe suka farka, kowace ta kai yatsa, farare tas. Wannan ne lokacin da ba sa ƙoshi. Ka zuba rassa, kafin ka juya sun bar tsinke. In ka tsaya a ƙofar ɗakin, ƙarar cinsu kamar ruwan sama a kan rufi. Ina sara, ina ɗauka, ina zubawa, bayana kamar zai ɓalle. Saura kaɗan su fara saƙa.

A nan ne na ji labari a bakin tanderu: Abdusattor ya ba Toshpulat aikin fesa wa audugarsa maganin ƙwari.

Kowa a ƙauyen nan ya san ba a feshi kusa da tut sai an kai ƙwanso ma'auna. Tun kakanni haka ake yi, ko ƙwari sun fara cin audugar, haƙuri ake yi. Na yar da gurasar a kwando na tafi gonar da garin alkama a hannuna. Na same su su biyu jingine da farar motar Abdusattor.

"Abdusattor," na ce, "Ergash ya taɓa ɓata maka?"

Ya cire hula ya sosa kai. "Haba, Salomat opa. Ƙwari sun sa ni gaba. Kuma ƙanin naki ya rantse ko ɗigo ba zai tsallaka magudana ba."

"Ko ɗigo," in ji Toshpulat. "Wancan jiran na mutanen da ne, masu feshi da hannu. Ni layi zan ja da yatsa. Nan magani, nan babu. Kimiyya ke nan."

"Kimiyyar da ta kai ka kan terak?"

"An gyara wannan. Na biya an ƙara mata ƙarfi."

"Toshpulat, tsutsotsin yayanka ne. In maganin nan ya taɓa ganye, kafin magariba na kwashe su da shebur."

Na ɗauka maganar ta shige shi. Sai na ga ƙirjinsa na kumbura.

"Kina ganin zan cuci Ergash? To gobe a yi gwaji a gaban kowa, ba da magani ba."

"Da ruwa," na ce.

"Ruwa? Wa ke ganin ruwa? Ya bushe ku ce na yi ƙarya. Jan rini za a zuba! A shimfiɗa fararen zannuwa a gindin tut daga farko har ƙarshe. In aka ga ja ko kamar kan allura, in ɗauki laujen Ergash in yi miki sara da dako har su gama saƙa. A gaban Abdusattor na faɗa."

"Na ji," in ji Abdusattor.

Nigora opa ta ba da rinin da murna, na saiwa, wanda ba ya cutarwa amma ba ya fita da wuri. Har ƙari ta yi masa. "Don matuƙi ne," in ji ta. "A cika tankin."

Da hantsi rabin ƙauye na bakin gona. Mata sun kawo zannuwan gado da na shimfiɗar abinci, an jera su fari fat a ƙarƙashin itatuwan. Toshpulat ya zo da farar riga sabuwa da baƙin tabarau. Dattawa kaɗai suka ƙi zuwa. Mirzakarim ota ya aiko cewa ya ga abin da ya ishe shi, shi da abokansa za su zauna a gidan shayi, can ɗaya ƙarshen ƙauyen, inda ya fi ko'ina nisa da jirgin. Har sun sa an dafa musu osh, dafa-dukar shinkafarmu, da naman rago, a kai musu labari in an gama.

Jirgi ya tashi. Layin farko, ja ya sauka a kan auduga, a miƙe kamar an ja da zare. Layi na biyu haka. Mutane suka fara tafi. Sai na hango wata matsalar: in abin ya yi kyau yau, gobe magani ne a tankin.

"Kennoyi!" Toshpulat ya ɗaga murya don kowa ya ji. "A ajiye laujen nan, ya yi tsatsa!"

A ƙarshen layi na uku jirgin na buƙatar wurin juyawa. Matar cikin waya ta duba taswirarta, ta ga fili a bakin magudana, ba komai sai 'yan kututture. Ta aika shi can.

Ya tsallaka magudana yana feshi. Zannuwan suka yi ja ɗaya bayan ɗaya, mata na ihu kowace na kiran sunan nata. Ya kutsa cikin rassan tut na farko, ya fito ta na biyu da ganye a ka, ƙafa ɗaya a karye, wani bututu na reto. Feshin da ke fita kamar hazo ya koma tsiyaya kamar an yanka rago.

"An samu cikas," in ji muryar, ko a jikinta. "Ana komawa gida."

"Kun gani?" Toshpulat ya daka tsalle. "Hankali gare shi! Ya san ya ji ciwo, zai dawo wurin ubangidansa. Ku matsa, ku ba shi wuri!"

Ya tsaya a inda jirgin ya tashi, ya buɗe hannuwa kamar mai tarbar ɗa daga tafiya. Jirgin ya taho kansa, ya yi masa wanka tun daga tabarau har takalma, ya wuce. Ya bi ta kan farar motar Abdusattor ya ja mata layi daga gaba zuwa baya. Ya miƙi hanyar cikin gari.

"Ina kuma za shi?" in ji Abdusattor.

Nigora opa ce ta fara ganewa. Ta dafa kafaɗata, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Gida, Salomat. Ai ta tambaye shi ran nan. Gida!"

Muka kwasa da gudu, ƙauye guda. Ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa, sai ga ni na riƙe ɗankwali ina bin jan layi a tsakiyar titi. Layin ya bi ta kan shanyar matar liman. Ya bi ta kan wata farar akuya, wadda ta tsaya tana kallon kanta. Ya bi ta kan tiren mai gurasa. Toshpulat na gaba, ja wur, yana latsa waya yana ihu: "Tsaya! Na ce tsaya! Ba can ba!" Wayar ta jiƙe da rini, yatsansa sai zamewa yake.

Mun shawo kwanar gidan shayi daidai lokacin da aka ajiye wa dattawa farantin osh a tsakiyar gadon katako. Sun wanke hannu, sun naɗe hannun riga. Mirzakarim ota ya ɗaga tafuka yana addu'a, idonsa a sama. Shi ya fara ganinsa.

Mai shayi ya riga ya sare rumfar inabin da ta lalace, saboda haka ba abin da ya tare hanya. Jirgin ya tsaya cak a kansu, daidai inda Toshpulat ya zauna ranar da ya danna e. Huluna suka sake tashi. Ya juye sauran abin da ke tankinsa, a hankali, ba wanda ya bari. Sannan ya sauko da ƙafa uku, ya zauna cikin farantin osh, ya karkata, ya mutu.

Dattawa takwas jajaye, kamar an tsamo su daga tukunyar Nigora opa. Gemun Mirzakarim ota na ɗiga.

Daga hannun Toshpulat muryar ta ce: "An kammala aiki lafiya. Barka da dawowa gida."

Wani tsoho ya fara, wanda aka cece shi daga cin dara ran nan. Dariya ta kama shi har ya faɗo daga gado. Daga nan ba wanda ya iya riƙewa. Ni kaina na zauna a bakin magudana ina yi har hawaye, kuma tun ranar da aka fita da Ergash ban ji muryar dariyata ba sai ranar.

Mirzakarim ota bai yi dariya ba. Ya matse gemunsa kamar tsumma, ya dubi abin da ya fito.

"Toshpulat, ɗana. Matso."

"Ota, in ka duba da kyau, saukar ta yi daidai. Ko taku ɗaya bai kuskure..."

"Na shaida. A kaina ya sauka." Ya juya. "Abdusattor, da maganinka ne a ciki fa?"

Abdusattor ya dubi dattawan, ya dubi akuyar da ta biyo mu, ya dube ni. Fuskarsa ta canza. "Ba feshi," in ji shi. "Ko da hannu, ko da jirgi, sai Salomat opa ta kai ƙwansonta ma'auna. Ƙwarin su ci rabonsu."

"An ce akwai maganar lauje," in ji Mirzakarim ota.

"A gabana ya faɗa," in ji Abdusattor.

"To a ba shi. In kuma na ƙara ganin abin nan sama da kan mutum, kai da shi za ku koma Rasha a akwati ɗaya."

Sai dai rinin ya taɓa itatuwa da yawa, kuma ban yarda in ba tsutsa jan ganye ba. Dole a wanke. Jiƙaƙƙen ganye kuwa zawo yake sa su. Ina tsaye a tsakar gida ina tunanin yadda zan busar da tulin ganye kafin su fara ɗaga kai suna neman abinci, sai Toshpulat ya shigo da jirgin a kafaɗa, farfela biyu suka rage masa, da ƙwayar shinkafa a jiki.

"Fitar mini da shi."

"Kennoyi, tsaya ki ga. Tun a Rasha nake da wannan dabarar."

Ya ɗaure shi da igiyar rijiya a jikin ginshiƙin rumfa, ɗauri bakwai, na ƙara nawa biyu. Muka baza ganyen a kan raga. Ya kunna. Iska ta taso, ganye ya yi ta rawa, kafin tukunyar shayi ta tafasa ya bushe.

"An kammala aiki lafiya," in ji matar.

"Yau dai kin faɗi gaskiya," na ce mata.

Haka muka ƙarasa kiwon. Kullum da sassafe Toshpulat na kan tut da laujen Ergash, kunnuwansa da wuyansa ja, don rinin Nigora opa ba ya sakin mutum da sauƙi. Yana sara yana gaya wa masu wucewa cewa shi ya ƙirƙiro injin busar da ganye na farko a duk kwarin Fargana. In ya juya baya ya yi shiru, kafaɗunsa irin na yayansa ne sak. Amma ba ya daɗewa da shiru.

Wata safiya na buɗe ɗakin ban ji ruwan sama ba. Sun daina ci. Sun hau tsintsiyoyin da na kafa musu, kowace na juya kai tana naɗe kanta da zare. Bayan 'yan kwanaki ɗakuna biyu suka yi fari da ƙwanso, kamar ƙanƙara ta sauka a cikin gida. Nigora opa da mata suka zo tsinka. Da muka kai ma'auna, mai awo ya duba sunan da ke jikin buhunan ya ce, "Na Ergash kullum masu tauri ne." Na ce masa e, haka suke.

Da muka dawo, Toshpulat ya zauna a rumfa yana shan shayi, ya ciro waya.

"Na gano matsalar, Kennoyi. Ba ni ba ne, ba jirgin ba ne. Taswirar ce ta tsufa. Akwai wani a kasuwar Margilan da ke da sabuwa fil, ta bana. Yanzu zan goge wannan shirmen."

Na riƙe hannunsa.

"Buɗe mini bakin magudana."

Ya buɗe. Na ja hoton har inda kututturen suke, da amalanke, da jaki. Na nuna masa ɗan farin ɗigon da inuwarsa.

"Mene ne wannan?" in ji shi.

"Wa ke sa farar hula ya je sara, in ba yayanka ba?"

Ya kawo wayar kusa da idonsa. Ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallo, kuma tun da na san Toshpulat ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba.

"Ka sayi sabuwar a wata wayar," na ce. "Wannan ta zauna a nan."

Ya goge fuskar wayar da hannun rigarsa, ya ajiye ta a kan kantar da tsutsotsin suka bari. Ya ja hanci.

"Dama na faɗa miki," in ji shi. "Manhajar nan tana ganin komai."